Almakashin Lado

In ka shiga Gubuchi ka ce kana neman Lado, sai an tambaye ka wanne, don Lado ba ɗaya ba ne a garin. Amma in ka ce Lado Almakashi, ko yaron da bai gama iya magana ba zai nuna maka ƙofar. Shi ba tela ba ne, ba kuma wanzami ba, bai taɓa yanka ko ƙyallen hula ba. Fim yake yankawa. Yana da gidan kallo a bakin hanya, rumfar kwano ce da bencuna, da ɗan shagon caji a jikinta. Da yamma magidanta da samari su kalli ƙwallo, ranakun Alhamis da Juma'a da hantsi kuwa, da yake babu makarantar allo, wurin na yara ne, a sa musu tsofaffin katun.

Siriri ne, mai yawan fara'a, kuma ban taɓa ganin mai son yara kamarsa ba. Shi ya sa labarinsa ke ci mini rai. A cikin yaran nan duka akwai wadda ya fi ji da ita, wato autarsa Rumaisa, 'yar shekara shida. Yarinya ce mai kwaikwayo. Abin da duk ta gani a talabijin da hantsi, kafin la'asar ta yi shi a tsakar gida. Ta taɓa ɗaura zanen uwarta Hassana a wuya ta diro daga kan turmi wai za ta tashi sama. Lado ya yi dariya har da hawaye, Hassana kuwa ba ta yi ba.

Shi kansa da katun ya tashi. Yana ƙarami aka kai shi Makarfi wurin kawunsa don karatun boko. Maƙwabcinsu yana da talabijin baƙi da fari, sai da la'asar tashar ke buɗewa, kuma da katun take farawa. Yaran unguwa su jeru a jikin taga, wani kan wani, ana shan ranƙwashi ba a ji. Wanda suka fi so shi ne na wani dogon kare mai malafa da kullum yake farautar wani ɗan kurege, kullum kuma shi ke shan kashi. Ba su jin abin da ake faɗa, sai suka raɗa wa karen suna Mai Malafa.

Akwai wani wuri guda da Lado bai manta ba har ya yi furfura. Kurege ya musanya wa Mai Malafa kwalbar ruwansa da wata mai hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. Karen ya ɗaga ya kwankwaɗe. Idanunsa suka firfito, ya riƙe maƙogwaro, ya sandare, ya faɗi tim kamar icce. Sai ga wani farin abu mai kamarsa ya fito daga ƙirjinsa, da fukafukai, ya yi sama har ya isa wata ƙofa a cikin gajimare. Ran nan Lado bai iya cin tuwo ba. Da ya koma gida hutu ya ga irin wannan tambarin a jikin gwangwanin maganin feshin audugar babansa, sai ya riƙa kewaye rumbun da yake ciki kamar akwai maciji. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa wannan guba ce. Karen ne ya gaya masa.

Boko bai karɓe shi ba. Ya tafi Zariya ya koyi gyaran rediyo da bidiyo, ya dawo gida da akwatin kayan aiki da son nuna fim. Ya fara da kaset, ya koma faifai, daga baya ya sayi tsohuwar kwamfuta ya koya wa kansa yanka da haɗi. Da ya ce zai riƙa tara yara, dattawan gari suka ce da sake. Aka yi zama a ƙofar masallaci, aka yanke cewa babu abin da za a nuna wa yara sai Malam Yahuza, mai makarantar Islamiyya, ya gani tukuna.

Kada wani ya ɗauka Malam Yahuza mugu ne. Dattijo ne mai sauƙin kai, yakan ma ɓoye bakinsa da gefen rawani in Mai Malafa ya faɗa rami. Sai dai in ya ɗaga yatsa ya ce, “Wannan fa?” to wannan ya tafi. Sumba ta tafi, rawar mata da guntun siket ta tafi, alade ya tafi, kwalbar giya ta tafi. Lado bai taɓa jin haushi ba, ya ma gano ba shi kaɗai ne mai almakashi a duniya ba. Da tauraron ɗan'adam ya zo gari, ya ga tashoshin waje suna maimaita katun ɗin ƙuruciyarsa, amma babu sigarin da ya sani a bakin wane, babu bindigar da ya sani a hannun wane. Abin da ya ba shi dariya shi ne rashin iya ɗinkinsu. Za ka ga mutum a tsaye, ƙiftawar ido ka gan shi a kwance, babu dalili.

“Waɗannan ai mahauta ne,” in ji shi. “Ni in na yanka, ko wanda ya zana fim ɗin ba zai gane wurin ba.”

Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne gizo ke saƙar. Ban da yanka, Lado yana ɗora murya. Ya sa Mai Malafa ya yi magana da Hausar 'yan tasha, kurege kuwa da muryar tsohuwa mai sayar da daddawa. Mutane suka fara kawo wayoyinsu a tura musu. Ranar kasuwar Makarfi masu tura fim su karɓa a wurinsa, daga nan ya bi memorin waya zuwa Kudan da Ikara da Nasarawan Doya, har inda Lado bai taɓa takawa ba.

A farkon daminar bara ne wani abokinsa na Zariya ya turo masa tarin tsofaffin katun na Mai Malafa. A ciki har da na kwalbar. Lado ya kalla shi kaɗai a shago, da girmansa da gemunsa, sai da tsigar jikinsa ta tashi. Washegari ya kunna wa Malam Yahuza. Malam ya yi ta murmushi har zuwa inda farin abin nan ya fito daga ƙirjin kare. Sai yatsa ya tashi.

“Subhanallahi. Lado, mene ne wannan?”

“Allah gafarta Malam, ransa ne ya fita.”

“Ran kare ne da fukafukai irin waɗanda ake ba mu labarin na mala'iku? Wannan ƙofar kuma ta ina ce, ta Aljanna? A'a. Ruhi al'amarin Ubangiji ne, ba abin zane ba ne. Yaro ya ga wannan, gobe in na ce masa mala'ika, kare zai gani a ransa. Cire shi.”

Maganar Malam tana kan hanya, Lado bai musa ba. Sai dai da ya zauna yin aikin ya ga matsala. In ya cire fitar ran kawai, fim ɗin zai ƙare da kare a sandare, babu dariya, yara su watse da kuka. In kuma ya yanke daga shan kwalbar ya tsallaka wani wuri, ya zama mahauci irin na tauraron ɗan'adam. Ya yi ta juya abin har dabara ta faɗo masa. A wani fim ɗin dabam akwai inda Mai Malafa ya yi tsalle ya miƙe, ƙwanjinsa ya kumbura kamar na ɗan dambe, ya tumɓuke bishiya. Lado ya ɗauko wannan ya liƙa daidai inda karen ya sauke kwalba daga bakinsa. Ɗinkin ya zauna ɗas. Ya jawo abin magana ya sa muryar 'yan tasha ya ce, “Sha ka miƙe!”

Ya kalla sau da yawa yana jinjina wa kansa. Wuri ɗaya a zuciyarsa ya ɗan yi masa nauyi, kamar mutumin da ya fito gida yana ji ya manta wani abu, amma bai tsaya laluben ko mene ne ba. Kwalbar tana nan da tambarinta ƙuru-ƙuru a tsakiyar hoto.

Fim bai taɓa karɓuwa kamar wannan ba. Ran Alhamis sai da aka maimaita shi har injin nuna fim ɗin ya yi zafi. In kare ya ɗaga kwalba, rumfar gaba ɗaya ta ɗauka, “Sha ka miƙe!” Rumaisa a kan bencin gaba, ita ce ke bayarwa ana amsawa. Maganar ta fita gari. Mai shayi na faɗa in ya miƙa kofi, masu yankan rake na faɗa in an kawo musu kunu. Lado ya riƙa tafiya kamar wanda aka naɗa sarki.

Aka shiga lokacin feshin wake. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san yadda gidajenmu suke a wannan lokaci. Kowane magidanci da robar maganinsa, wani ya soke ta a jinkar zaure, wani a ƙarƙashin gado, wani a bayan randa. In ta ƙare kuma ba a yarwa, don roba ce mai kauri da murfi mai kyau. A ɗauraye a zuba kananzir, ko man keke, ko a bar wa yara su yi wasa.

Wata ranar Asabar da hantsi Lado ya biyo ta bayan gidan yayansa Sa'idu, sai ya ji ana waƙa a gindin mangwaro. Yara ne sun yi da'ira. A tsakiya Rumaisa ce, ta kifa faifan kaba a ka a matsayin malafa, tana riƙe da wata farar roba. Ta ɗaga ta kai baki. Yaran suka ce, “Sha ka miƙe!” Ta yi tsalle ta dunƙule 'yan hannuwanta, ta miƙa wa na kusa da ita. Da robar ta juyo, Lado ya ga ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu.

Bai san lokacin da ya isa wurin ba. Ya fizge robar ya shinshina. Ruwan rijiya ne, da ɗan warin magani can ƙasa-ƙasa. Ya durƙusa a gabansu.

“Wa ya ba ku wannan?”

“A bola muka tsinta,” in ji Rumaisa. “Baba, ai wannan babu ƙarfi a ciki, ya ƙare. Na gaskiyan yana wurin Baba Sa'idu, ya hana mu.”

“Wannan hoton na mene ne?” Ya nuna tambarin.

Yaran suka dube shi da mamakin a ce shi da ya yi fim bai sani ba. Suka haɗa baki, “Tambarin ƙarfi!”

Tsoro irin na ran nan Lado bai taɓa jinsa ba. Ya tuna kansa yana kewaye rumbun babansa, ya gane abin da ya manta ranar da ya yi ɗinkin. Garin gyaran gira ya taɓa ido.

Kai tsaye ya wuce wurin Malam Yahuza, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba, abin da bai taɓa yi ba. Malam ya saurara har ƙarshe.

“Ni na ce ka cire, amma ban ce ka ƙara ba,” ya ce a hankali. Sai kuma ya girgiza kai. “A'a, kada in zame. Na kalli wanda ka gyara, na yi dariya, na ce ya yi. Ni fukafukai na tsaya dubawa. Je ka nuna musu na asalin, da fukafukan da komai, ni zan yi musu bayani daga baya.”

Bayan sallar Juma'a Malam ya yi wa jama'a magana a kan robobin magani. Kowa ya ce gaskiya ne, Allah ya kyauta, aka tashi. Lado bai yarda da wannan “Allah ya kyauta” ɗin ba, ya bi gida-gida. Wasu suka ɗaga robobinsu sama, wasu suka ce sai an gama feshi. Sa'idu dariya ya yi masa.

“Kai dai Lado da ɗaukar abu da zafi. Tun muna yara ake ajiye magani a gidan nan, wa ka ji ya sha? Abin da ko akuya ba ta kusanta don wari.”

“Yaya, da can tsoronsa muke ji. Yanzu nemansa suke yi.”

“To na ji. Ga shi can a saman katanga, sai dai in fiffike gare su.”

Duk wayar da aka kawo caji, Lado ya roƙi mai ita ya goge fim ɗin. Ya hau babur ya je wurin masu tura fim a Makarfi, suka ce sun goge, ya juya baya ya ji muryarsa tana fitowa daga wayar wani mai lodin rake. Abin ya zama zarar bunu, ya fita ba ya komawa.

Ran Alhamis rumfa ta cika. Lado ya tsaya gaban yaran ya ce yau za su ga yadda abin yake tun asali, yadda shi ya gan shi yana kamarsu. Ya kunna. Kare ya ɗaga kwalba, yara suka ɗauka, “Sha ka...” sai maganar ta maƙale. Idanu suka firfito, kare ya sandare, ya faɗi. Farin abu ya yi sama. Lado ya tsayar da hoton a nan.

“Kun gani? Mutuwa ya yi. Duk wanda ya sha abin da ke da wannan tambarin, mutuwa zai yi. Wancan da kuka sani ni na haɗa shi da hannuna, ƙarya ne.”

Rumfar ta yi tsit, har Lado ya fara jin sanyi a ransa. Sai wani daga baya ya ce, “Baba Lado ya ɓata fim!” Wuri ya kaure, a mayar da na da, a mayar da na da. Ya dubi bencin gaba. Rumaisa ba ta cikin masu ihu, kallonsa kawai take da 'yar dariyar nan ta wanda ya gano ana tsokanarsa.

A gida ya ɗora ta a cinya ya sake yi mata bayani, da lallashi, da rantsuwa, har da tsawa, shi da bai taɓa ɗaga mata murya ba.

“Baba, wannan na yau ne na ƙarya,” ta ce. “Ba ka ji ba ko Hausa ba ya yi? Na gaskiyan ai da muryarka.”

Hassana, da ke tankaɗe a gefe, ta ajiye rariya. “Shekara nawa kana gaya mata duk abin da ke cikin akwatin nan ka tace shi, babu na cutarwa? To ta yarda da kai. Yanzu sai mu sa ido, sai kuma addu'a.”

Suka sa ido. Hassana ta hana ta fita in ba da ita ba. Lado ya rufe kallon yara gaba ɗaya, ya riƙa barin shago yana leƙowa gida ba dalili. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa, waƙar ta fara raguwa a gari. Mutum kuwa ba ya iya tsare numfashinsa har abada.

Ranar da abin ya faru, suna ake yi a gidan Sa'idu, matarsa ta haihu. Mata cike da tsakar gida, yara ko'ina. Sa'idu ya ce wake ba ya jiran suna, bayan an raɗa da safe ya saɓa injin feshi ya tafi gona. Ya dawo ana kiran azahar, ya sauke injin a zaure, ya ajiye robar a gefensa, ya ce bari ya yi alwala tukuna ya mayar da ita saman katanga. Alwala kawai.

Lado yana shago ya ji salatin mata. Bai tambayi kowa ba, bai rufe ƙofa ba, ya san gidan kuma ya san yarinyar. Ya tarar da ita a hannun Hassana, kumfa a baki, jikinta na karkarwa, faifai a yashe a ƙasa. Wata tsohuwa na ƙoƙarin ɗura mata manja. Yaran da suka yi mata waƙar suna rakuɓe a jikin bango, ba kuka suke ba, jira suke. Wannan jiran nasu ya fi komai tsaya wa Lado a rai.

Sa'idu ne ya ja babur, Lado a baya rungume da ita, robar a aljihunsa don likita ya gani. Hanyar Makarfi ba ta taɓa yi masa tsawo haka ba. A asibiti aka karɓe ta da gudu, aka yi faɗan manjan, aka ce su jira a waje. Sa'idu ya zauna a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Lado ya zauna a gefensa, don ya san ba shi da bakin ganin laifinsa.

Kwanakin da suka biyo baya ba zai iya gaya maka yawansu ba. Malam Yahuza ya zo da kansa ya yi addu'a a kanta. Hassana, da ta je gida ɗebo kaya ta dawo, ta ce masa kullum da safe sai yara sun taru a ƙofar gidansu.

“Gaisuwa suke zuwa yi?”

“Tambaya suke,” in ji ta, ba ta dube shi ba. “Wai ta miƙe?”

Allah ya yi da sauran kwananta. Wata safiya likita ya duba ta ya ce alhamdu lillahi, ta tsallake, in ta ci abinci gobe ma sai gida. Hassana ta faɗi ta yi sujada a kan simintin ɗakin. Lado ya zauna a bakin gado ya riƙe ɗan hannun da aka soke da allurar ƙarin ruwa, hawaye na bin gemunsa, yana godiya ga Allah da duk abin da ya iya.

Rumaisa ta buɗe ido. Ta dubi silin, ta dubi uwarta, ta dubi ubanta. Ta yunƙura da ƙyar, ya tallafe ta ta zauna. Muryarta ta dushe, sai da ya kai kunnensa kusa da bakinta.

“Baba, ka gani ko?” ta ce, tana murmushi. “Na miƙe.”

Ta dunƙule hannun da babu allura ta nuna masa. Gobe za a sallame su, kuma yaran Gubuchi suna can ƙofar gida suna jiran su gan ta ta sauko daga babur da ƙafarta.